Ribas Tsakanin Ganguna: Gwanintar Direba da Ranar Gwajinsa

Fasinjan da ya saba bin hanya yakan gane gwanin direba tun mota ba ta bar tasha ba. Zai ga mutum ya zagaya motarsa yana duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ja igiyar da aka ɗaure kaya ya ji ko ta yi tsauri, ya shiga ya gyara zama, ya daidaita madubai, ya yi bisimilla, sannan ya tayar. Idan ya saki kuloci, motar takan ɗaga a hankali, babu fizga, babu wanda ƙeyarsa ta bugi kujera. Tsohuwar da ke zaune a baya da ƙwaryar nono a cinya ba ta san sunan ko ɗaya daga abubuwan da ƙafafunsa ke takawa ba, amma ta san nononta bai zube ba, kuma ta san motar wa za ta nema gobe.

Mu mutanen Malisa da Gwandu da ƙauyukan kewaye, har zuwa Kalgo, kusan duk zirga-zirgarmu a hannun irin waɗannan mutane take. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa mana ba, domin layin dogon da Turawa suka ja daga Zariya zuwa wannan shiyya a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Albasar Aliero da ake ci a Legas da Fatakwal a bayan mota take tafiya. Shinkafar fadama da ake kai wa injinan casa na Birnin Kebbi da Argungu mota ke kwasarta. Mai naƙuda da tsakar dare, ɗalibin jami'ar tarayya da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, maniyyacin da za a kai filin jirgi na Ambursa, 'yan rakiyar amarya, kowa direba yake jira. Marigayi Mamman Shata ya san darajar wannan sana'a, shi ya sa direbobi suka sami rabo mai tsoka a waƙoƙinsa, har sunan Bawa Direba ya shiga bakin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Duk da haka, da yawa daga cikinmu muna ɗaukar tuƙi abin da saurayi zai koya a yammaci guda a filin ƙwallo. Murɗa sitiyari shi ne mafi ƙanƙantar aikin direba. Abin da ke kai fasinja gida lafiya ilimi ne da ake tarawa shekara da shekaru, kuma gwajin tuƙi na gaskiya an tsara shi ne don a leƙa a ga ko tushen wannan ilimi ya zauna.

Yawancin manyan direbobinmu daga yaron mota suka fara. Yaro yakan yi watanni bai taɓa makulli ba. Aikinsa wanke mota da asuba, ɗaure kaya, kiran fasinja, sa wa taya waigi idan an tsaya a gangare. Kafin maigidansa ya fito, ya buɗe bonet ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge ya mayar ya sake dubawa, ya leƙa ruwan lagireto, ya duba man birki, ya tabbatar safaya tana da iska kuma jak yana wurinsa. A nan kunnensa ke buɗewa. Yakan koyi bambanta ƙarar injin da ke da lafiya da ta wanda filoginsa ɗaya ya mutu, ya gane kukan fambel da ya saki, ya ji warin kuloci idan ya fara ƙonewa. Ranar da maigida ya ce masa, "Zo ka matsar da ita ƙarƙashin inuwa," ranar ce ta farko da ya zauna a kujerar da ya daɗe yana goge wa ƙura.

Daga nan sai horon ƙafa. Ƙafar hagu ta kuloci ce ita kaɗai, ta dama kuwa tana kai-komo tsakanin totur da birki. Kuloci shi ke haɗa ƙarfin inji da tayoyi ko ya raba su, kuma akwai wani ɗan gurbi a tsakiyar tafiyarsa inda haɗuwar ke farawa. A nan ƙarar inji ke ɗan sauka, gaban mota ya ɗan ɗaga. Wanda ya saki ƙafa gaba ɗaya kafin ya ji wannan, motar za ta zabura ta mutu. Wanda ya daɗe a gurbin yana banka totur, faranti zai ƙone. Gwani yakan saki ƙafarsa kamar yadda mace ke sauke tulu cike da ruwa daga kanta, a hankali har ya taɓa ƙasa ba tare da ɗigo ya zuba ba. Shi ya sa masu gwaji ke son tsayar da ɗalibi a kan hawa su ce ya tashi daga nan. Dole ya ja hambirki, ya sa giya ta ɗaya, ya nemo gurbin, ya ƙara wuta kaɗan, sannan ya sauke hambirki a daidai lokacin da motar ta nemi gaba. Idan ta zame baya ko da taku ɗaya, an ga abin da ake son gani. A kan hanya, wannan taku ɗaya shi ne mai babur da ya manne a bayanka da matarsa da goyo.

Tsofaffin direbobin da suka yi gwaji kafin 1991, lokacin ƙasar Gwandu tana cikin jihar Sakkwato, idan hira ta yi daɗi a tasha ba su da labarin da ya wuce na ganguna. Jami'an duba ababen hawa, waɗanda kowa ya sani da 'yan VIO masu kaya fari da baƙi, sukan jera gangunan mai a fili, su bar tsakaninsu faɗin da ya ɗara na mota kaɗan. A ce wa mutum ya shiga da baya, ya lanƙwasa, ya tsaya a daidai. Ganga ba ta da kara. Da bamba ta goge ta, ƙarar za ta gaya wa duk wanda ke filin, sai a ce, "Malam, je ka ƙara koyo, ka dawo." Akwai manyan mutane da suka koma gida hannu rabbana, suka sake shiri, suka dawo suka ci, kuma ba su ɗauki hakan abin kunya ba.

Ni ma na tsaya a irin wannan layi a zamanina, kuma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne shirun wurin. Samari masu surutu a majalisa duk sun yi tsit, kowa yana karanta abin da ya sawwaƙa. Jami'in ya shigo ya zauna a gefena da takarda a cinya, bai ce komai ba sai, "Bisimilla, tayar." Na lura idonsa ba ya kan titi. Yana kallon ko na ɗaura bel, ko na leƙa madubi kafin na motsa, ko na ba da sigina kafin kwana, ko hannuna biyu suna kan sitiyari, ko ina kallon giya lokacin canzawa. Da muka dawo ya buɗe shafin alamomin hanya yana nunawa da biro, ina faɗin ma'anarsu: mai kusurwa uku gargaɗi ce, mai da'ira da jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni ce, layin da bai tsinke ba a tsakiyar kwalta ba a ƙetare shi. Malamin da ya koya mini, wani dattijo da ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana tsaye daga nesa a gindin bishiya. Da na nufo shi da takarda a hannu ya ce, "To, yaro, yanzu aka ba ka izinin fara koyo."

Dalilin da ya sa ribas ke tankaɗe mutane shi ne mota da baya ba ta bin hankalin da aka saba. Tayoyin da ke juyawa sun koma bayan tafiya, saboda haka idan gindin mota ya nufi dama, hancinta yana shara zuwa hagu, ya bugi abin da direba ya manta da shi. Dole ido ya riƙa yawo tsakanin madubin hagu da na dama da na tsakiya, ƙafa tana riƙe da mota a tafiyar hawainiya. Direban tirela kuwa nasa ya ninka haka, domin idan yana son bodi ya tafi dama da baya, sai ya fara karya kai hagu. Wanda ya taɓa ganin an shigar da tirela da baya cikin ƙofar sito mai ƙunci, yaron mota yana ɗaga hannu daga gefe, direba ya ajiye ta a tashi ɗaya, ya ga gwanintar da ta cancanci a tsaya a kalla.

Sai dai abin da ya fi ƙafa da hannu wuyar koyo shi ne ido. Dattijon nan yakan jefo tambaya muna cikin tafiya, da harshensa na Sakkwatanci: "Mi kag gani?" Idan ka ce ba komai, sai ya lissafa maka. Ga ƙura can gefen hanya, ke nan garke yana tahowa. Ga ɗan maraƙi a hagu uwarsa tana dama, zai tsallako. Tunkiya ɗaya ta ƙetare, sauran za su bi ta ko mota tana kansu. Akuya takan kai tsakiya ta juyo. Jaki yakan tsaya cik. Ga 'yan talla sun ruga wajen motar da ta tsaya, ɗayansu zai fito ta gabanta ba tare da ya duba ba. Ga mai babur yana waiwaye, yana shirin juyawa ne ba sigina. Ga ganye an zuba a kan kwalta, akwai motar da ta lalace a gaba. Gwani ya riga ya ɗaga ƙafa daga totur tun kafin abin ya faru, shi ya sa fasinjansa ba sa jin birki mai ƙarfi, har su ɗauka hanyar ce ba ta da matsala.

Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, daƙiƙa guda ta wuce, an ci waɗannan mitoci birki bai fara aiki ba. Sannan idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka huɗu. Wannan ne ya sa dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, 80 ga ƙananan motoci da na haya a babbar hanya, ta kuma rage wa tanka da tirela ƙasa da haka. Shi ne kuma dalilin barin tazarar aƙalla daƙiƙa 2 tsakaninka da na gabanka, a ƙara idan ana ruwa.

Wuce mota a hanyar da masu tafiya da masu tahowa ke bin kwalta ɗaya, irin wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero zuwa Jega, nan ne ake sanin direba. A ce tirela tana tafiya a 50, kai kana 80. Kafin ka fita daga bayanta, ka share tsawonta, ka koma hannunka da tazara, za ka yi kusan daƙiƙa 7 a hannun da ba naka ba, ka ci fiye da mita 150. Motar da ke tahowa ita ma ta ci kwatankwacin haka. Ke nan kana buƙatar fili fiye da mita 300 da idonka ya gani sarai. Gwani ba ya yin wannan lissafi da alƙalami, amma jikinsa ya san shi. Yakan ja baya kaɗan don ya hango gaba, ya sauko giya ɗaya don inji ya sami ƙarfi, ya duba madubi, ya ba da sigina, ya yi hon, sannan ya fita. A kwana, ko a kan gada, ko a gindin tudun da ba a ganin bayansa, yakan haƙura ko fasinja suna tsaki.

Kowane lokaci na shekara da darasinsa. Da hunturu hazo yakan rufe hanya da safe, sai a kunna fitila ƙasa-ƙasa a rage gudu. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, kwalta ta ɗauki wuta, tsohuwar taya mai lodi fiye da kima ta fashe. Direban kirki ya san karanta lambobi huɗun da ke jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin kada a wuce shekara 4 daga wannan rana. Idan ta gaba ta fashe ana tafiya, ya san ba a taka birki da ƙarfi. Akan riƙe sitiyari gam, a saki totur, a bar mota ta rage gudu da kanta. Da damina kuwa, ruwan farko yakan haɗu da man da ya zuba a kwalta ya yi santsi. Waɗanda suka yi tuƙi lokacin ambaliyar 2020, da ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar Kebbi, sun san ba a shiga ruwan da ba a san zurfinsa ba. Idan za a ratsa mai sauƙi, giya ta ɗaya ake sawa da wuta daidai, in an fita a ɗan taka birki a hankali har ya bushe. A hanyar ƙauye mai rairayi kuma akan rage iskar taya kaɗan, a riƙe giya ta biyu, kada a tsaya a tsakiya.

Tun da kuɗin mai ya tashi bayan janye tallafi a 2023, wasu sun koma sa mota a firi idan sun zo gangara don su rage shan mai. Gwani ba ya yin haka da mota mai lodi. Ya san giya ƙarama tana riƙe mota, kuma birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Da dare kuma yakan rage fitila ga mai tahowa, ya kawar da ido zuwa bakin kwalta na dama, ya kuma yi zargin duk fitila ɗaya da ya hango, don wataƙila babbar mota ce mai ido ɗaya. Idan gyangyaɗi ya zo, ya san goro da shayi ba sa biyan bashin barci. Yakan faka ya kwanta.

Dattawan wannan sana'a sun taɓa cin wani gwaji da babu irinsa. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama, don ta dace da maƙwabtanta. Mu da muke da iyaka da Nijar da Benin mun fi kowa sanin amfanin haka. A dare ɗaya, mutumin da ya yi shekara ashirin yana bin hagu ya sauya abin da jikinsa ya haddace: inda zai duba a mahaɗa, ta inda zai zagaya shataletale, ta inda zai wuce mota, alhali sitiyarin motarsa yana nan a dama. Sun yi, kuma su ne suka horar da waɗanda suka horar da mu.

Gwajin tuƙi kansa tsohon abu ne a duniya. Birnin Paris na Faransa ya fara neman shaidar iya tuƙi tun 1893, Birtaniya ta wajabta gwaji a 1935. A nan gida, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. A tsarin yau, mai neman sabon lasisi sai ya kai shekara 18, ya yi horo a makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, ya je gaban VIO a gwada shi, ya biya kuɗi ta hukumar tara haraji ta jiha, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Daga nan akan ba shi lasisi mai shekara 3 ko 5. Lasisin ma aji-aji ne: A na babur, B na ƙaramar motar gida, F na tarakta, G na tirela. Wanda ya iya ƙaramar mota bai iya tanka ba, kuma doka ta san da haka.

Sai dai kowa ya san akwai masu riƙe da lasisin da ba su taɓa zama kusa da mai gwaji ba. Sun ba wani dillali kuɗi da hoto, kati ya iso su har gida. Wannan cin amanar sana'a ne, kuma cin amanar duk wanda zai hau bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya suna kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Babu unguwar da ba a yi zaman makokin wanda hanya ta ci ba. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ɗora wa mutum nauyin ran da aka damƙa masa, ya kuma haramta ganganci.

Direban da ya yi shekara talatin tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato bai taɓa zubar da jinin kowa ba malami ne a fanninsa, kuma ya kamata a girmama shi a haka. Shugabannin tashoshinmu su sa irin waɗannan dattawa gaba wajen horar da masu tasowa, kada su ba da layin lodi ga wanda ba a gwada ba. Iyaye, idan ɗanku ya ce zai koyi mota, ku kai shi wurin wanda ya iya, ku bar shi ya daɗe, ku tura shi ya yi gwaji da kansa. Idan an ce ya dawo, ya koma ya ƙara koyo. Fasinja kuma, ku daina zuga direba ya ƙara wuta, ku yi magana idan kun ga gudun wuce sa'a, ku ajiye lambar gaggawa ta 122 a wayoyinku. In kuwa Allah ya haɗa ku da wanda ya kai ku gida lafiya cikin natsuwa, ku ce masa sannu da aiki kafin ku sauka, domin ya cancanta.